Wai me za mu kira ski touring da Hausa?

Jama'a ina neman kalma, wasunku sun riga sun kawo shawarwari, ga amsata a kansu. Tunda aka saka tseren hawan dutse da siki (dogayen allunan da ake ɗaurawa a ƙafa a sulale kan dusar ƙanƙara) a gasar Olamfik ta hunturu ta 2026, wanda aka yi a Bormio ta Italiya, nake ta jin ana cewa "zamiya a kan ƙanƙara", ni kuma gaskiya abin bai kwanta min ba. Zamiya ai tsautsayi ce, santsi ne ya kwashe ka ba shiri, su kuwa waɗannan da gangan suke yi har da kuɗinsu.

Bari in fara da abin da nake nufi kar mu yi ta musu a kan abu biyu. Akwai sikin wurin shaƙatawa, ka sayi tikiti, kujera mai tafiya a jikin waya ta kai ka sama, inji ya riga ya daddale hanya, ga ma'aikatan ceto a kusa. Wanda nake magana a kai ba shi ba ne. Shi wannan ba kujera ba hanya ba kowa, da ƙafarka za ka hau dutsen allunan na ɗaure a takalminka, an liƙa musu wata fata a ƙasa mai gashi kwance gefe ɗaya, in ka tura gaba ta sulale in za ka zame baya gashin ya cije. Da can fatar wata dabbar teku ce ta ƙasashen sanyi, yanzu gashin akuyar Angora ne ko nailan. Wajen hawa dunduniyarka a sake take, sai ka kai ƙololuwa ka ɓare fatar ka cusa a jaka, ka kulle dunduniya, sannan ka gangaro. Na Olamfik ɗin tsere ne gajere amma daga nan ya samo tushe.

Malam da ka kawo "yawon ƙanƙara", ranka ya daɗe na gode amma ba zai yi ba. Yawo ai na wanda ya ci ya ƙoshi ne da la'asar. Mutanen nan suna tashi daga Chamonix a Faransa su nufi Zermatt a Suwizalan, kusan mako guda a hanya suna kwana a ɗakunan da aka gina a kan duwatsu, tun 1911 ake ratsa hanyar da siki. Nansen ɗan Norway kuwa tsibirin Girinlan ya tsallaka da siki a 1888. Haba Malam, wannan ka ce masa yawo?

Hajiya da ta ce sulu, Allah ya saka da alheri, wallahi nan ne na tsaya. Sulu da niyya ake yinsa, kowane yaro ya san shi, kuma gajere ne baki ba ya wahala. Saura abin da zai raba shi da na masu tikiti. Toh ai muna da shi, ba mu ke cewa raƙumin dawa da jakin dawa ba? Sai mu ce sulun gida da sulun dawa, shikenan.

Na ga masu cewa ai babu ko bishiya a can sama ta ina ya zama dawa. Dawa fa ba itatuwa ba ne, rashin mutane ne, inda za ka yi ihu ba mai amsawa. Kuma dalilin da ya sa na nace ke nan, kalmar da kanta tana gargaɗi. Babban abin da ke kashe masu wannan harka zaftarewar dusar ƙanƙara ce, sabuwar dusa ta kwanta kan tsohuwar da ba ta kama ba, nauyin mutum ɗaya ya isa ya sa gangaren ya tsage ya taho gaba ɗaya. Shi ya sa kowa ke fita da abu uku, na'urar da ke aika sigina don a gano inda dusa ta binne mutum, doguwar sandar caka dusa don laluben sa, da shebur. Wanda aka binne in ba a tono shi cikin kamar minti 15 ba, damar rayuwarsa faɗuwa take yi da sauri, kuma abokan tafiyarsa ne za su tono shi don kafin jirgi mai saukar ungulu ya iso an makara.

Shi kuma ɗan'uwan da ke tsokana wai za a ɗauka sulu ake yi a kan buhun dawa, kai dai Allah ya shirye ka. A baki tsawon wasali ya raba su, a rubuce ma mahallin magana ya isa.

Inda na yarda da masu suka shi ne sulu gangara kawai yake nunawa alhali yawancin yinin a hawa yake ƙarewa. Wani ya ce hau-sulu, na gwada a bakina ya ƙi zama. Ku gwada wannan dai ku ji: sun tafi sulun dawa a dutsen Toubkal na Maroko, mita 4,167, da fatar hawa da shebur ɗinsu. Mai abin da ya fi wannan ya ajiye a ƙasa, musamman sunan sandar cakar nan, har yanzu ban samu wanda ya yi min ba.