Shawarwarin zuwa ganin goggon birin tsauni

Waɗanda suka je gandun dajin Bwindi a Yuganda da gandun Volcanoes a Ruwanda bakinsu ɗaya: a sayi takardar izini watanni kafin tafiya, domin mutum takwas kawai ake bari su ziyarci kowane garke a rana, awa ɗaya tak. Ta Ruwanda dala 1,500 ce, ta Yuganda 800, amma 'yan Afirka su tambayi rangwame. Yuni zuwa Satumba ya fi ƙarancin ruwa, duk da haka a riƙe rigar ruwa da takalmi mai kama ƙasa. A ɗauki ɗan dako, hawan ba wasa ba ne. Mai mura kuwa ya haƙura, birin na kamuwa da cututtukanmu.