Neman kalma: yaya za mu ce calibration na yield monitor da Hausa?

Dan_Kadawa: Assalamu alaikum. Jibi zan koyar da direbobin injin girbi kan na'urar nan da ke nuna nauyin hatsi a allo lokacin yanka, takardar duk turanci ce kuma na maƙale a kalma biyu, yield monitor da calibration. A taimaka don Allah yau nake son bugawa.

Bahaɗejiya: Wa alaikumus salam. Yield monitor ma'aunin yabanya, calibration kuma saiti. Shi kenan.

Malam_Nahawu: A'a Hajiya, yabanya ai shuka ce tana tsaye a gona ba ta nuna ba. Abin da aka girbe amfani ne. Kuma saiti turanci ne aka sa masa hula.

Injiniya_Argungu: Kafin a yi nisa ku gane na'urar nan fa ba ta auna komai kamar sikeli, hatsi ne ke bugun wani faranti a saman hanyar da yake hawa zuwa tanki, daga ƙarfin bugun take ƙiyasta nauyi. Shi yasa sai ka yanka lodi ka kai sikeli na gaske ka dawo ka shigar mata da nauyin, wasu injinan lodi uku zuwa shida suke so, wani a hankali wani da gudu, kuma na shinkafa daban na alkama daban. Ga danshi, shanshera mai danshi 20 cikin ɗari ba nauyinta ɗaya da wadda ta bushe zuwa 14 ba. Ni daidaita awo nake ce wa yarana.

Malam_Nahawu: To tunda haka ne ga tawa: mizantawa. Daga mizani. Na'urar kuma mizanin albarka. Kalma ɗaya tak, mai daraja.

Bahaɗejiya: Malam mizani ba larabci ba ne? Saiti ka kora saboda aro ne ka kawo wani aron.

Malam_Nahawu: Aron da ya shekara ɗaruruwa a bakinmu ya zama ɗan gida. Wannan raina harshen namu ne ke ci mani rai, komai sai mun jira bature.

Bahaɗejiya: Ba wanda ya raina Hausa, ranka ya daɗe. Amma ka je garejin makanikai ka ce a mizanta maka inji ka gani ko za a gane.

Dan_Maradi: Mu nan ko a kasuwa in tiya ta yi gardama cewa ake a gyara awo. Kowa ya san wannan.

Injiniya_Argungu: Gyara zai sa direba ya ɗauka sai ta lalace ake yi, alhali duk kaka ake yi, da duk lokacin da aka canza hatsi.

Malam_Nahawu: Har yanzu ba wanda ya nuna mani aibin mizantawa.

Dan_Kadawa: Na gode duka. Daidaita awo zan sa a takarda, a baki na san saiti za su ce. Sunan na'urar ne har yanzu bai zauna ba, na rubuta ma'aunin amfani na wucin gadi duk da Injiniya ya ce ƙiyasi take yi.

Malam_Nahawu: To ba laifi. Amma ka ambaci mizantawa ko sau ɗaya a aji ka ji abin da za su ce.