Littafin yara kan rashin uwa: a ina zan sa mutuwar?

Sabuwar Marubuciya:
Assalamu alaikum. Labari nake rubutawa na 'yan shekara 9 zuwa 12. Yarinya ce mahaifiyarta ta rasu, aka kai ta riƙo gidan gwaggonta, sai ta shaƙu da wata tsohuwa mai daddawa wadda yaran unguwa ke gudu wai mayya ce. Mutuwar a farko zan sa ta ko a tsakiya? Kuma ya zan yi kada littafin ya zama kuka zalla?

Mai Tace Rubutu:
Wa alaikumus salam, Malama. Bari ta auku kafin babi na ɗaya. Ki buɗe da kwana na huɗu, an naɗe tabarmin zaman makoki, 'yan gaisuwa sun watse, babu mai yi mata kitso. Nan maraicin yaro yake farawa. Kalmomi 12,000 zuwa 15,000 sun isa, kowane babi kamar 1,000, tsohuwar kuma ta bayyana tun a babi na biyu.

Inda ake ɓata irin wannan labari shi ne a mai da tsohuwar mai wa'azi. Ki ba su aiki tare. Daddawa ma ta ishe ki: a dafa kalwa ta yi laushi, a surfe, a wanke, a sake dafawa, a rufe kwana biyu ko uku ta ruɓa, sannan a daka a shanya. Yarinyar da ta shigo tana toshe hanci, in ta kai ga mulmulawa da hannunta, mai karatu ya gane komai ba sai kin faɗa ba.

Malamar Firamare:
Ki kula da lafazi. Kada ki rubuta "ta yi barci" ko "ta yi tafiya", ƙananan yara kan ɗauke shi yadda aka faɗa, wani har ya tsorata da kwanciya. "Ta rasu" kawai. Ɗan shekara 9 ya san ba a dawowa. Abin da ke cin sa shi ne zaton laifinsa ne, wai don ya ƙi aike ranar. Baƙin cikinsa kuma yakan fito ta faɗa, ƙin abinci ko fitsarin kwance, an jima ki gan shi yana wasa. Manya za su ce "daina kuka", to a samu mutum ɗaya da zai tuna mata Annabi (SAW) ya zubar da hawaye a rasuwar ɗansa Ibrahim.

Baba Makaranci:
'Yata, roƙona biyu. Kada ki kashe tsohuwar a ƙarshe don a yi kuka, rashi ɗaya ya isa. Kada kuma gwaggo ta zama muguwa, mun gaji da wannan. Ita ma 'yar uwa ta rasa. In kin gama, ki karanta wa yara biyar babi uku a bayyane, inda suka fara mutsu-mutsu ki yanke.