Shin Excel da VBA sun ishi injiniya?

Injiniya Sani: Jama'a, ni dai a ganina duk injiniyan da ya iya VBA, wato yaren rubuta umarni da ke cikin manhajar lissafi ta Excel, ba ya buƙatar kashe dala wajen sayen manhaja mai tsada. Excel ya ishe shi.

Hajiya Rabi: Ranka ya daɗe, har da lissafin bene mai hawa biyar?

Injiniya Sani: A'a Hajiya, aikin yau da kullum nake nufi. Ɗauki kwalbati a Tudun Wada. Kin san yawan ruwan da zai bi, kin san gangara, amma ƙa'idar Manning ta lissafin gudun ruwa ba ta ba ki zurfin ruwan kai tsaye, sai an yi ta gwaji. Da Goal Seek, kayan gwajin da ke cikin Excel, ɗaya bayan ɗaya za ki bi kwalbatocin. In kika rubuta umarnin VBA da zai riƙa maimaita lissafin har amsa ta zauna, sai ki ja shi ƙasa, layuka duka su cika.

Bashir: Oga, to wa zai duba abin da aka rubuta? A gwada yanzu: =-2^2 a gidan teburin Excel 4 yake bayarwa, amma -2^2 a VBA -4 ne. Manhaja ɗaya, amsa biyu.

Injiniya Sani: Sa alamar baka, wato ( ), magana ta ƙare.

Hajiya Rabi: Sai wanda ya san da ramin ne zai kauce masa. A 2020 ai a Ingila kusan masu korona 16,000 suka zube daga ƙidaya, saboda tsohon fayil ɗin Excel na .xls da ba ya wuce layi 65,536.

Injiniya Sani: Wannan sakacin mutane ne, ba laifin VBA ba.

Bashir: Shi ya sa na fi son yaren Python. Tun 2023 Microsoft ta shigar da shi cikin Excel.

Malam Audu: Ɗan'uwa, wancan a sabar Microsoft yake aiki, sai da intanet. Je ka wajen aiki a hanyar Kachia inda sabis ke wasan ɓuya ka gani. VBA kuwa tun 1993 yake cikin Excel, bai taɓa neman data ba.

Hajiya Rabi: Ni ban ƙi VBA ba. Amma hatiminka na COREN, hukumar kula da aikin injiniya, ne zai hau zanen, ba na Microsoft ba. Turo mana fayil ɗin a buɗe, ba kulle, mu gwada shi da wanda aka lissafa da hannu.

Injiniya Sani: Zan turo bayan la'asar. Excel zai toshe makro ɗin, wato umarnin VBA da ke ciki, tunda ta intanet ya zo, sai kun cire takunkumin tukuna.