Wa ya taɓa kwana a masaukin Dutsen Tubkal?

Ɗan Fagge:
Assalamu alaikum 'yan'uwa. Karatu nake a Rabat, kuma abokaina 'yan Maroko sun matsa sai na bi su Dutsen Tubkal a watan Mayu. Wai daga Marrakesh za mu shiga tasi zuwa ƙauyen Imlil, daga nan sai ƙafa har wani masauki can cikin duwatsu, mu kwana, da asuba mu ƙarasa ƙololuwa. Hawan bai dame ni ba, kwanan ne ya tsaya min a rai. Ni da ko sanyin hunturun Kano sai na haɗa bargo biyu. Me ake tararwa a wurin? Akwai abinci ko sai na yi guzuri? Alwala fa? Ban ma faɗa wa Hajiyarmu ba tukuna, don na san amsarta.

Baban Ummi:
Wa alaikumus salam, ƙanena. Na kwana a can. Imlil tana kan tsayin mita 1,740, masaukin yana mita 3,207, ka ga a yini ɗaya za ka hau kusan mita 1,500 da ƙafarka, tafiyar awa biyar zuwa shida in ba ka gaggawa. Kada ka yi gaggawar. Gine-ginen dutse biyu ne kusa da juna, ɗaya na ƙungiyar masu hawan dutse ta Faransa reshen Kasablanka, ɗayan ana ce masa Les Mouflons. Ku kama wuri tun kafin ku taso, don lokacin zafi cika suke yi.

Cikin kamar ɗakin 'yan makarantar kwana yake: gadaje masu hawa, katifa na gogar katifa, kai da Bature da Balarabe da ɗan Japan duk a jere. Takalmi a ƙofa ake barinsa. Suna ba da bargo, amma ka tafi da jakar barcinka ko ka yi haya a Imlil. Abinci ba matsala, ana dafa miya mai zafi da tajin (dahuwar nama da kayan lambu irin ta Maroko) da burodi, ga shayin na'ana'a. Duk abin da ka ci a wurin a bayan alfadari ya hau, saboda haka kada ka yi mitar tsada. Kuɗi a hannu za ka riƙe.

Barci kuwa, kada ka sa rai. Wani na munshari, wani na neman safarsa da tocila, ƙarfe uku na dare an fara kakkaɓe jaka. Ga iskar wurin ba ta ƙosar da huhu, sai ka farka kana haki ba ka yi komai ba. Ruwan famfo narkakkiyar ƙanƙara ce. Ni dai alwalar Magariba na riƙe har Isha, ta Asuba kuma na roƙi mai dafa abinci ya ɗan ɗumama min ruwa a buta, bai ƙi ba.

Dole ne ku ɗauki ɗan jagora. Tun bayan kisan 'yan mata biyu, 'yar Denmak da 'yar Norwe, kusa da Imlil a Disambar 2018 aka sa wannan doka, kuma jami'an tsaro na duba takardu a hanya, don haka fasfonka ko katin zamanka ya kasance a aljihu. A watan Mayu ana iya samun ragowar ƙanƙara sama da masaukin. Ka tambayi jagoranku ko sai kun yi hayar ƙarafan nan masu haƙora da ake ɗaurawa a ƙasan takalmi.

Bakatsine:
Baban Ummi ka ɓoye masa babban labari. A tsakiyar hanya akwai wani ƙaton dutse da aka shafe da farin fenti, Sidi Shamharush, mutanen wurin na cewa fadar sarkin aljanu ce, har ziyara ake kai masa. Ɗan Fagge, ka sha lemonka a shagunan gefe, ka yi addu'arka, ka wuce. In Hajiya ta ji wannan, ko Imlil ba za ka taka ba.

Anti Nas:
Ɗana, kafin zancen bargo, ka san rukunin jininka? Ina nufin AA ko AS. Mu mutanen Najeriya da Nijar masu AS suna da yawa a cikinmu, kuma galibi lafiya lau suke rayuwa har su manta. To a wuri mai tsayi irin wannan iskar shaƙa tana raguwa, ƙwayoyin jinin mai AS na iya lanƙwashewa su toshe jijiyoyin saifa, musamman in ga gajiya ga ƙishirwa. Alamarsa ciwo mai tsanani a hagu, ƙarƙashin haƙarƙari, wani lokaci har kafaɗa. Abokanka ba lallai su kawo wannan a ransu ba. Mai SS kam kada ma ya soma.

Ko AA ne kai, ciwon kai da tashin zuciya da rashin cin abinci na kama mutane a irin wannan tsayi, ƙarfi ba ya hanawa. In abin ya ƙaru cikin dare, ko ka ga mutum na tangaɗi ko maganarsa ta rikice, maganinsa sauka, ba a jira gari ya waye a gwada ƙololuwa. Tsayin Tubkal mita 4,167 ne, babu dutsen da ya fi shi tsayi a Arewacin Afirka, kuma mota ba ta zuwa masaukin. Ku kwana ɗaya a Imlil kafin ku hau, ka yawaita shan ruwa.

Ɗan Fagge:
Na gode ƙwarai. Anti, AS ne ni, an gwada mu tun muna sakandare, kuma wallahi ban taɓa haɗa shi da hawan dutse ba. Zan ga likita a nan in ji ta bakinsa kafin na ba su kuɗin tasi. Baban Ummi, in likita ya hana, akwai abin gani a Imlil ɗin kanta da zai sa in bi su in jira a ƙasa, ko in yi zamana a Rabat?