Na ɗauko kare daga gidan karnukan da aka yasar, yanzu yana kiwon yarana kamar tumaki

Baban_Ilham:
Salamu alaikum 'yan'uwa, don Allah wanda ya san harkar karnuka ya taimaka min da shawara. Ina zaune a wani ƙauye a arewacin Ingila, sau biyu ana fasa mana gareji a bara, ga kuma likita ya ce sai na dinga tattaki saboda suga, shi ne na ce bari in jefi tsuntsu biyu da dutse ɗaya, na je gidan da ake ajiye karnukan da masu su suka yasar na cike fom, suka zo suka duba gida da katangar baya, suka ba ni wani Border Collie ɗan shekara 2. Sun faɗa min kare ne mai son aiki, ni kuma na ce ai ba komai, ban san abin da na amsa ba.

Yau sati uku kenan. Kullum awa ɗaya muke tafiya da safe, in jefa masa ƙwallo har kafaɗata ta yi tsami, mu dawo ni na gaji tilis shi ko gezau. In yara suka fito wasa a bayan gida sai ya kwanta ya yi lamo ya kafe su da ido, yana zagaya su har sai ya tara su a lungu ɗaya, shekaranjiya ƙaramin ya ruga sai ya cafki dunduniyarsa, bai huda ba amma yaron ya tsorata. Ya cinye gindin ƙofar ɗakin wanki inda yake kwana. Mota in ta wuce kamar zai tsinke igiya. Uwargida ta ce ko shi ko ita. In mayar da shi ne ko akwai gyara?

Dakta_Zazzau:
Wa alaikumus salam Baban Ilham, sannu da fama. Likitan dabbobi ne ni, nan Ingila nake aiki. Karenka ba hauka yake ba, aikin gado yake yi. A kan iyakar Ingila da Sikotlan aka samar da irinsa don tara tumaki a kan tsaunuka, kusan duk na yanzu jinin wani kare ne da ake kira Old Hemp da aka haifa a 1893, kuma wannan kwanciyar da kafe ido da ka gani da ita suke juya garke ba tare da haushi ba. Ya rasa tumaki ya samu yara da motoci, shi kenan.

Ƙwallon nan ka rage ta sosai. Ba gajiyar da shi kake ba, tirenin kake ba shi, kullum ƙara ƙarfi yake jininsa na ƙara hawa, kuma kana koya masa duk abin da ya motsa a bi shi. Ƙwaƙwalwarsa ce ke neman aiki. An taɓa yin wata 'yar irinsa a Amurka mai suna Chaser da ta haddace sunayen kayan wasa sama da 1,000, ka ga irin kan da kake ajiye da shi a ɗakin wanki. Daina ba shi abinci a kwano, watsa shi cikin ciyawa ya nema da hanci, ko ka cusa a robar Kong, wato robar wasan karnuka mai rami a ciki, ka sa a firiza ya yi ta lasa. Minti 10 sau biyu ko uku a rana ka koya masa zauna, kwanta, tsaya, je tabarmarka, in ya yi ka ba shi ɗan nama. Sannan ka koya masa zaman banza, wannan ne ma ya fi wuya, da yawansu ba su san yadda ake hutawa ba sai an koya musu.

Maganar dunduniya kuma ba wasa, daga yau in yara na guje-guje shi yana ciki ko yana ɗaure da doguwar igiya a hannunka, kar a bar su su kaɗai ko na minti ɗaya. Kuma kar ka dake shi, irinsu zuciyarsu ba ta ɗaukar duka, tsoro zai shige shi, kare mai tsoro kuwa shi ke cizo na gaske.

Abu_Sumayya:
Ni dai tambayata Malam, kare a cikin gidan musulmi? Ai ka san hadisin raguwar lada kullum ga wanda ya ajiye kare in ba na farauta ko kiwo ko gona ba. Ka mayar musu da abinsu ka sa kyamara, tafiya kuma ai ba sai da kare ba.

Malam_Na_Bakin_Kasuwa:
Abu Sumayya hadisin haka yake, amma malamai da yawa sun yi ƙiyasin gadin gida a kan waɗancan ukun in akwai buƙata, kuma a wajen malikiyya kare mai rai ba najasa ba ne. Ana ma ba da labarin Ibn Abi Zaid mai Risala, da katangar gidansa ta faɗi ya ajiye kare, aka ce masa ai Malik ya karhanta, ya ce da Malik ya riski wannan zamani da zaki zai ajiye. Shi dai ya raba shi da ɗakin sallah da wajen kwana, in kuma ya riƙe shi to haƙƙinsa na wuyansa.

Maman_Twins:
Yaya ni ta wajen uwargida zan yi magana, don na ga duk kun tsallake ta. Waye a gida in ka tafi aiki? Ita ce fa. Mu a Amurka muke, maigidana ya taɓa ɗauko Malinois daga irin wannan gida, irin karnukan sojoji da 'yan sanda, wai ya ga bidiyonsu a YouTube suna haura katanga, wata huɗu muka yi wlh ban yi barcin kirki ba, shi yana dutin dare ni ina fama da jarirai biyu da kare mai cin kujera, ranar da na shigo falo na tarar da soson kushin ko'ina kamar an yi ruwan auduga shi kuma yana tsaye a tsakiya yana kaɗa jela na zauna a ƙasa na yi kuka. Ƙarshe muka mayar, suka haɗa shi da wani mai horar da karnukan bincike, sun turo mana hotonsa ya yi ƙiba ya yi kyau. Mayarwa ba abin kunya ba ne. Abin da Dakta ya lissafa gaskiya ne amma aiki ne na shekara 10 ko fiye ba na sati biyu ba, ku zauna da ita ku yi lissafi tsakani da Allah.

Dakta_Zazzau:
Hajiya ta yi gaskiya. Ƙari biyu: in za ka rabu da shi duba takardar da ka sa wa hannu, yawanci sharaɗi ne su za ka mayar wa, ba sayarwa ba kyauta, kuma ka faɗa musu maganar dunduniyar kar ka ɓoye, don su nema masa gidan da ba ƙananan yara. Na biyu tunda ƙauye kake, kar ka kuskura ka sake shi kusa da gonar tumaki balle lokacin haihuwarsu wajen Maris da Afrilu, kare ya bi tumaki ko ya shiga cikinsu a sake laifi ne a doka kuma manomi na iya harbe shi in ya kama shi yana korar dabbobi. Kira su gobe, yawancin gidajen nan suna da mai duba halayyar karnuka da ke taimaka wa wanda ya ɗauka.

Baban_Ilham:
Na gode ƙwarai, Allah ya saka. Yau da safe na ɓoye ƙwallon na watsa masa abincin a ciyawa, minti 20 yana shinshine-shinshine, da ya gama ya je ya kwanta da kansa, ban taɓa gani ba. Na nuna wa uwargida abin da Maman Twins ta rubuta ta ce a gaishe ki. Mun yi da ita wata ɗaya, in bai daina bin yara ba zan mayar. Dakta doguwar igiyar nan mita nawa zan saya, kuma a wuya ake ɗaura ta ko a ƙirji?