Dusar ƙanƙara ta toshe hanya: a fita aiki ko a zauna gida?

Sabon zuwa, Toronto: Assalamu alaikum 'yan uwa. An yi hasashen dusar ƙanƙara mai yawa a makon nan, kuma wurin aiki sun yi shiru. Idan mutum ya kasa fita, ana biyansa? Wa ke da ikon cewa a yi aiki daga gida?

Mai lissafin albashi, Ontario: Wa alaikumus salam, ƙanena. Abin da ake fara dubawa shi ne: kai ka kasa zuwa, ko ma'aikatar ce ta rufe? In ofis a buɗe yake kai ka maƙale, mai aikin awa ba shi da kuɗin ranar, sai dai a cire daga hutunsa, ko kuma takardar ɗaukarsa aiki ta tanadi wani abu. Dokar ƙwadago ta Ontario ta ce wanda ya saba yin fiye da awa uku a rana, ya zo aka ce ya koma gida kafin ya cika awa uku, a biya shi kuɗin awa uku. Amma ta keɓe lokacin da guguwa ko ɗaukewar wuta ta tsayar da aiki, kuma nan ne mutane ke shan mamaki ranar albashi. Aiki daga gida kuwa sai da amincewar shugabanka. Tura masa imel tun daren jajibiri, ka samu amsa a rubuce. "Ba komai" ta fatar baki ba ta zama hujja a ofishinmu.

Daga Manchester: Haka yake a Birtaniya, Hajiya. Wanda ya kasa zuwa, doka ba ta tilasta a biya shi ba. In su suka rufe, yawanci ana biya. In an rufe makarantar yara ba zato, kana da damar ɗaukar ɗan lokaci ka nema musu mai kula, sai dai ba dole a biya ka ba. Gargaɗin hukumar yanayi hawa uku ne: rawaya, ruwan goro, ja. Ja na nufin rai na cikin haɗari, kamar yadda aka gani a ƙarshen Fabrairun 2018.

Direba, Ohio: A nan jihar Ohio ta Amurka, in hukuma ta ayyana mataki na 3 na dokar ta-ɓacin dusar ƙanƙara a gundumarku, an rufe hanya ga kowa ban da masu aikin gaggawa, kuma ana iya kama wanda ya fito. Manajan da ya matsa maka a irin wannan rana bai yi adalci ba. Ɗauki hoton sanarwar ka tura masa. A yankin Buffalo na jihar New York, a Disambar 2022, mutane sama da 40 suka rasu a guguwar dusar ƙanƙara, wasunsu a cikin motocinsu.

Ma'aikaciyar jinya, Winnipeg: Mu dai babu zancen zama gida. Ana tafiya da jaka: kayan canji, safa, caja, magani da abincin kwana biyu, domin ba ka barin marasa lafiya sai mai karɓarka ya iso. Wanda ya san ba zai iya zuwa ba ya kira tun da asuba, kada ya bari sai lokacin karɓar aiki.

Makaniki, Montreal: In fitar ta zama dole, ka fara da taya. A Quebec tilas ne a sa tayoyin hunturu daga 1 ga Disamba zuwa 15 ga Maris. Ana gane su da alamar dutse mai kai uku da ƙwayar dusa a ciki. Tayar yau da kullum tana sandarewa in sanyi ya sauka ƙasa da digiri 7, ta daina kama titi. A kan ƙanƙara, nisan da mota ke ci kafin birki ya tsayar da ita kan ninka har sau goma, kuma gada tana daskarewa kafin sauran titi. Kada mai ya gaza rabin tanki. Ruwan wanke gilashi ya zama mai jure digiri 40 ƙasa da sifili, in ba haka ba ya daskare a gilashin kana cikin tafiya. Abin da ya fi damuna shi ne salansa: in ka maƙale, share bakinta da shebur kafin ka tada injin. In dusa ta toshe ta, hayaƙin yana dawowa cikin mota, iskar gubar da ke cikinsa ba ta da wari, tana iya kashe mutum bai ankara ba.

Mai gyaran kwamfuta, Ottawa: Masu aiki daga gida, ku ɗauko kwamfuta da cajarta tun ranar da aka yi hasashen, ku gwada shiga manhajar ofis a daren. Ruwan sama mai daskarewa yana nauyaya wayoyin lantarki har su tsinke. A Janairun 1998 miliyoyin mutane suka kwana a duhu a Quebec da gabashin Ontario. A cika cajin waya don a jona intanet ta kanta, a kuma tambayi manaja tun wuri yadda za a lissafa awannin da babu wuta. Janareta kuma a waje ake kunna shi, nesa da taga, ba a gareji ba ko da ƙofar a buɗe take.